Shin tun zamanin Ɗan Kasawa Maradawa ke zuwa Kwatano?

Tambaya: Malam, ni ɗan kasuwa ne a Maradi, tun ina yaron shago nake bin maigidana Kwatano sarin atamfa da shinkafa. Gardama ta kaure tsakanina da abokaina a kan garin. Wasu sun ce tsohon birni ne irin Katsina, kuma tun zamanin Ɗan Kasawa fatakenmu ke kai kaya can. Wasu kuma sun ce Nasara ne suka kafa shi jiya-jiyan nan. Ina gaskiyar take, kuma yaushe muka fara hulɗa da garin?

Amsa: Alhaji, Allah ya yi wa kasuwa albarka. In dole sai na raba gardamar, masu cewa garin na jiya ne sun fi kusa da gaskiya, ko da yake ba Nasara ne suka fara zama a wurin ba. Lokacin da Ɗan Kasawa da sauran Katsinawan da jihadi ya taso suka kafa mulkinsu a bakin Gulbin Maradi, wajen 1819, Kwatano bai wuce 'yar tungar masunta a kan yashi ba, tsakanin teku da tafkin Nokuwe. Manyan garuruwan yankin a lokacin su ne Wida da Alada da Porto-Novo, sai Abome can cikin ƙasa, inda sarkin Dahome yake. Wanda yake son tarihin Kwatano sai ya fara da waɗannan, don gadonsu garin ya ci.

Ka fara lura da ƙasar kanta, tunda ka san ta da idonka. Daga Legas har Lome, gaɓar nan miƙaƙƙen yashi ne, babu wani lungu da jirgin ruwa zai fake. Igiyar ruwa tana dukan gaɓar da ƙarfi dare da rana, bayan yashin kuma akwai tafkuna da fadamu da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da teku. A da, jirgi sai ya tsaya can nesa ya jefa anga, sannan a yi ta jigilar mutane da kaya da manyan kwalekwale. Aikin yana da haɗari ƙwarai, har Turawa kan ɗauko gwanayen tuƙi daga gaɓar Gana ta yau don su ƙetare musu igiyar. Kwalekwale in ya kife, kifayen nan masu cin mutane suna jira. Abin da nake son ka riƙe shi ne, babu garin da Allah ya hore wa tashar jiragen ruwa a wannan gaɓar. Duk garin da ya zama ƙofar teku, mai iko ne ya naɗa shi, kuma in iko ya sauya hannu, ƙofar ma takan tashi.

Ƙofar farko da ta shahara ita ce Wida, kimanin kilomita 40 yamma da Kwatano. Ƙaramar masarauta ce ta mutanen Huweda, babban birninta Sabi. Tun ƙarshen ƙarni na 17 Faransawa da Ingilishi suka gina ganuwoyinsu a can, mutanen Fotugal kuma suka gina tasu a 1721. Kayan cinikin ba ɓoyayye ba ne, mutane ne. Masana sun ƙiyasta bayin da aka fitar ta Wida sun haura miliyan ɗaya. Wannan arziki ne ya ja idon Agaja, sarkin Dahome, wanda ya gaji da sayarwa ta hannun dillalan bakin teku. Ya ci Alada a 1724, ya ci Wida a 1727, daga baya aka naɗa hakimi na musamman, Yobogan, mai kula da Turawa da harajinsu. Sai dai Dahomen ma tana da ubangida. Dawakin Oyo sun sha tattake ta, ta kuma yi kusan shekara ɗari tana kai gaisuwa ga Alafin, sarkin Oyo.

A 1818 Gezo ya ture ɗan'uwansa Adandozan daga sarauta, da taimakon wani attajiri haifaffen Bahiya ta Birazil, Francisco Félix de Souza. Ladan da ya samu shi ne sarautar da suke kira "Caca" da riƙon cinikin sarki a Wida, har ya mutu a 1849. Zuriyarsa na nan a garin har gobe. Gezo ya yanke gaisuwar Oyo, ya ƙarfafa runduna, har da rundunar matan nan da ake yawan labari. Amma ya hau mulki a lokacin da Ingila ta riga ta haramta cinikin bayi, tun 1807, jiragen yaƙinta kuma suna sintiri a gaban Wida. Mai sayarwa bai daina ba, mai saye a Birazil da Kuba bai daina ba, sai dai a nemi mashigar da ido bai kai ba. A nan ne sunan Kwatano ya fara fitowa, wajen 1830, a matsayin ƙaramar mashiga ta sarki wadda ake iya isa gare ta ta tafki. Ka ga kenan garin da fasa-ƙwauri ya buɗe ido. Wannan ba zagi ba ne, mu Maradawa ba mu da bakin yi wa wani gori a kan haka.

Yanzu ga inda namu mutanen suka shigo, kuma nan ne nake son abokanka su saurara da kyau. Fataken ƙasar Hausa sun san ƙasar da ake kira Benin a yau, wadda a da ake ce wa Dahome, tun da daɗewa, amma arewacinta suka sani. Hanyar goro ce: ayari ya tashi daga Kano ko Katsina ko Sakkwato da jakuna, da kanwa da tufafi da jan fata, ya ƙetare Kwara, ya bi ta Bargu, ya yada zango a Nikki ko Paraku ko Jugu, ya zarce Gwanja, kasuwar Salaga. Hanyar gabas zuwa yamma ce, ba ta gangara teku. Madugu ba shi da abin nema a Wida, kuma sarakunan Dahome ba sa barin baƙo ya ratsa ƙasarsu yadda ya ga dama. Don haka in kakan wani ya ce sun yi fatauci a "Dahome", mai yiwuwa ne ƙwarai Jugu ko Paraku yake nufi, kuma gaskiya ya faɗa.

Hausawan da suka ga teku a Wida a wancan zamanin, akasarinsu a ɗaure suka gan ta. Yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan 1804 sun samar da kamammu daga kowane ɓangare. Da yawa sun tsaya a rinji, wasu an kai su arewa ta Sahara, wasu kuma aka yi ta sayar da su hannu zuwa hannu ta Nufe da ƙasar Yarabawa har bakin ruwa, Legas da Badagiri da Porto-Novo da Wida. Shaidar tana can Bahiya, inda bayi Hausawa suka shirya tawaye a 1807 da 1809 da 1814. A watan azumin 1835 aka yi babban boren Musulmi a birnin Salbado, wanda Yarabawa suka fi yawa a cikinsa, da Hausawa a tare. An samu layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Bayan boren, hukuma ta kori wasu 'yantattu, wasu suka tafi da kansu, suka dawo wannan gaɓar. Su ne ake kira Aguda. In ka taɓa tsayawa gaban babban masallacin Porto-Novo ka ce a ranka wannan ai ginin coci ne, ba ka yi kuskuren gani ba: zuriyarsu ce ta gina shi a farkon ƙarni na 20, da fasalin gine-ginen Bahiya.

Akwai mutum guda da muka san labarinsa daga bakinsa, Mahommah Gardo Baquaqua. A Jugu aka haife shi, gidan Musulmi 'yan kasuwa, kuma ya ce mahaifiyarsa Bakatsina ce. Ya yi karatun allo, aka kama shi yana saurayi, aka gangara da shi kudu, aka sa shi a jirgi a kusa da Wida wajen 1845. Ya yi bauta a Birazil, ya tsere a birnin New York a 1847 lokacin da jirgin ubangidansa ya je da kofi, ya zauna a Haiti, sannan aka buga tarihin rayuwarsa a Amurka a 1854. Ɗan Bakatsina ne fa, wato jininmu. In ana neman tsohuwar alaƙar Katsinawa da wannan gaɓar, ga ta nan, kuma ba irin wadda ake tinƙaho da ita a majalisa ba ce.

Abu na biyu da ya haɗa mu da gaɓar shi ne wuri. Kuɗin da kakanninmu suka yi ta ƙirgawa a kasuwa, daga tsibiran Maldib yake, can tekun Indiya. Jiragen Turawa ne ke sauke shi buhu-buhu a Wida da maƙwabtanta, ya yi ta hawa arewa. Daga tsakiyar ƙarni na 19 kamfanonin Jamus suka fara kwararo wani irin wuri mai araha daga Zanzibar, darajarsa ta zube, har ta kai jakin da ya ɗauko kuɗin ya kusa fin kuɗin daraja. Kenan kayan gaɓar sun iso mu tun kafin mu mu isa gaɓar.

Yadda Kwatano ya faɗa hannun Faransa kuwa, manja ne sila. Da cinikin bayi ya fara mutuwa, Gezo ya juya ga kwakwar manja, kamfanin Régis na Marsai ya zauna a tsohuwar ganuwar Faransa ta Wida tun 1841. A 1868, zamanin Gilele ɗan Gezo, aka sa hannu a wata takarda da Faransa ta ce ta mallaka mata Kwatano, aka sabunta ta a 1878. Fadar Abome ba ta taɓa yarda cewa ta ba da ƙasa ba, a ganinta izinin ciniki ta bayar, kuma ta ci gaba da karɓar kuɗin fito. Ni dai na fi gaskata Abome a nan, don a al'adar Dahome ƙasa ta kakanni ce, sarki riƙo yake yi. A ɗaya gefen kuma sarkin Porto-Novo, Tofa, wanda ke tsoron Abome kuma yake tsoron Ingilishin Legas, ya shige inuwar Faransa. To Porto-Novo a bakin tafki take, hanyarta ta fita teku ta Legas ce, hannun Ingila. Faransa na buƙatar mashigarta ta kanta, kuma Kwatano ce kaɗai ta dace.

A 1885 aka yanka yashin da ya raba tafkin Nokuwe da teku. Wannan yankan shi ne ruwan da ya raba garin biyu a yau, wanda kake hawa gada ka ƙetare in za ka Akpakpa, kuma a bakinsa kasuwar Dantokpa take. Ruwan gishiri ya shiga tafkin, ya sauya kifinsa da sana'ar mutanen Tofinu, waɗanda kakanninsu suka kafa gidaje a kan ruwa a Ganbiye don tsere wa masu farautar bayi.

Behanzin ya gaji Gilele a ƙarshen 1889, ya ce sam ba zai bar wa Faransa Kwatano ba. Ranar 4 ga Maris 1890, da asuba, dakarunsa maza da mata suka auka wa Faransawa a Kwatano, aka yi ta gwabzawa har cikin shingayensu, amma bindiga ta fi ƙarfin adda. A watan Oktoba aka yi sulhu, Faransa za ta riƙa biyan faran 20,000 a shekara a kan garin. Sulhun bai yi ƙarko ba. A 1892 Kanar Dodds, haifaffen Sanlui ta Senegal, ya hau arewa da runduna, ya shiga Abome a watan Nuwamba ya tarar Behanzin ya cinna mata wuta ya ja daji. Sai a Janairun 1894 ya miƙa kansa. Aka kai shi tsibirin Martinik, daga baya Aljeriya, inda ya rasu a 1906. A cikin rundunar Dodds akwai bataliyar da Faransawa suka sa wa sunan 'yan bindigar Hausa, kamar yadda Ingilishi suka yi a Legas tun 1863. Ba dukansu ne Hausawa ba, da yawa tsofaffin bayi ne 'yan arewa masu jin Hausa. Daga irinsu, da mahauta da dillalan shanu da masu goro da suka biyo baya, zangunan garuruwan gaɓar suka yi kauri, har da unguwar Zongo da kuke sauka.

Wida ta mutu a tsaye ne saboda gadar ƙarfe guda. A farkon shekarun 1890 Faransawa suka kafa doguwar gada a Kwatano wadda ta shiga cikin teku ta wuce inda igiya ke karyewa. Jirgi na tsaye can nesa, ƙananan jirage na kai da kawowa, a ƙarshen gadar kuma injin ɗaga kaya ne ke sauke komai. Fasinja ma haka: a zaunar da shi cikin wani kwando, a ɗaga shi sama yana lilo a kan ruwa, a dire shi, ko gwamna ne ko matar gwamna. Da wannan 'yan kasuwa suka tattara suka bar Wida. Abin da ya rage mata sai tarihi, da wata 'yar ganuwar Fotugal da ta ƙi tashi har 1961, lokacin da gwamnatin Dahome ta ba su wa'adi, wakilinsu ya banka wa ginin wuta ya fita. Daga baya an gyara shi, aka mai da shi gidan tarihi. Porto-Novo ta riƙe sunan babban birni, har yau majalisar dokoki a can take, amma fadar shugaban ƙasa da ministoci da kuɗi duk suna Kwatano.

Duk da haka Maradi ba ta juyo nan ba tukuna. An fara shimfiɗa dogo daga Kwatano a 1900, da niyyar ya kai Kwara, amma da ya isa Paraku a tsakiyar shekarun 1930, bayan kilomita 438, sai ya tsaya, kuma bai ƙara gaba ba har yau. Mu kuwa dogo ya riga ya zo mana kusa ta wani gefen, don ya isa Kano tun 1911. Da noman gyaɗa ya bunƙasa a Maradi da Tasawa da Damagaram, hanyarta a fili take: raƙuma da jakuna, daga baya kamyo, zuwa Kano, sannan jirgin ƙasa zuwa Legas. Ka auna da kanka. Daga nan zuwa Katsina bai kai kilomita 100 ba, Kwatano kuwa ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso da Gaya da Kandi da Paraku ta kusa 1,400. Babu ɗan kasuwar da zai zaɓi ta biyun don raɗin kansa.

Gwamnati ce ta zaɓa mana. Faransa ba ta jin daɗin ganin gyaɗar mulkinta na biyan kuɗin dogon Ingila, ga kuma dalar gyaɗa da ke taruwa a Kano tana jiran tarago. A 1953 aka ƙaddamar da shirin da suka kira Hirondelle: kamyo ya sauka Paraku da gyaɗa, ya hawo da siminti da mai da sauran kayan shigowa, a daidaita kuɗin dako ta wani asusu don doguwar hanyar ta iya gogayya da gajeruwar. A 1958 aka gama gadar Gaya da Malanbil, a 1959 aka kafa hukumar sufuri ta haɗin gwiwa tsakanin Dahome da Nijar, wadda daga baya aka sani da OCBN, a 1965 kuma aka buɗe tashar jiragen ruwa mai zurfi, aka yi ritayar tsohuwar gadar. In kana neman ranar da Maradi ta ƙulla da Kwatano, a cikin waɗannan shekaru goma sha biyun take. Garin da kansa a lokacin samun 'yanci mutanensa wajen 70,000 ne. Ƙidayar 2013 ta ba shi kusan 680,000, ban da Abome-Kalabi da ta cika ta batse a gefensa. Tashar kuma ta zo da nata ciwon, don ta tare yashin da igiya ke turawa gabas, teku ta yi ta cin unguwannin da ke bayan Akpakpa.

Abin da ya mai da hanyar ta zama ta alhazai, ba ta gyaɗar gwamnati kaɗai ba, Najeriya ce. Yaƙin Biyafara daga 1967 zuwa 1970 ya rikita hanyoyin kudu. Farin 1973 da 1974 ya karya gyaɗa. A daidai lokacin kuɗin mai ya cika Najeriya, gwamnatinta kuma ta shiga hana shigo da wasu kaya ko tsawwala musu haraji. Sai lissafi ya fito: a sauke taba da atamfa da shadda, daga baya shinkafa da gwanjo da tsofaffin motoci, a Kwatano da sunan Nijar, a hawo da su Maradi, a biya duwan kuɗin wucewa, su sulale ta Dan Isa da Jibiya. Ka fi ni sanin sauran. Manyan gidajen da ka gani a garin nan da yawansu wannan zagayen ne ya gina su, kuma shi ya sa duk ranar da Najeriya ta rufe iyaka, kamar 1984 zuwa 1986 ko Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, Dantokpa da kasuwar Maradi tare suke kwana da zazzaɓi.

Zumuncin Nijar da Benin ma ba kullum yake lafiya ba. A ƙarshen 1963 rikicin tsibirin Lete da ke cikin Kwara ya sa Nijar ta sallami ma'aikata 'yan Dahome, waɗanda suka cika ofisoshi da lakkol tun zamanin Nasara, Dahome kuma ta tare kayan Nijar na ɗan lokaci. Sai a Yulin 2005 kotun duniya ta yanke cewa Lete na Nijar ne. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 takunkumin CEDEAO ya rufe gadar Gaya, da aka ɗage shi a Fabrairun 2024 kuma Yamai ta bar nata gefen a rufe. Kaya suka koma Lome, su ratso Burkina da rakiyar soja, mutane da ƙananan kaya kuma suka koma kwalekwale a Kwara. A cikin wannan hali ne aka fara loda ɗanyen man Agadem a Seme, gabas da Kwatano, a watan Mayun 2024, ta bututun da ya kusa kilomita 2,000.

In hanya ta ba ka dama ka sake sauka, ka ware yini guda ka shiga motar Wida. Ka fara da ganuwar Fotugal, ka je dandalin Caca, mai sunan sarautar de Souza, inda ake cewa nan ake cinikin bayi, sannan ka taka hanyar yashin nan ta kusan kilomita 4 zuwa bakin teku, inda aka gina ƙofar tunawa a 1995. Ka dai kauce wa lokacin bikin bodun, addininsu na gargajiya, da ake yi a watan Janairu, don garin kan cika maƙil, kuɗin masauki da na kabu-kabu duk sukan ninka.